Daga Kano zuwa Jidda: awa nawa ne a sama?

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai tazarar kilomita kusan 3,400, in an ja layi miƙaƙƙe. Jirgin fasinja na zamani yakan ci kilomita 850 ko makamancin haka a awa ɗaya, don haka a lissafi awa huɗu ta ishe shi. In an haɗa da lokacin tashi da na sauka, sai tafiyar ta kai awa huɗu da rabi zuwa biyar. Sannan agogon Saudiyya yana gaba da na Najeriya da awa biyu. Maniyyacin da ya tashi da ƙarfe goma sha biyu na rana zai duba agogon hannunsa ya ga huɗu da rabi, alhali a Jidda shida da rabi ta yi, rana tana gab da faɗuwa.

Layin nan miƙaƙƙe ta kan Chadi da Sudan ya bi, ya tsallaka Bahar Maliya. Ta ƙasashen nan kuwa tsohuwar hanyar alhazan ƙafa ta bi: Barno, Fort Lamy wadda ta zama Njamena, Alfashir, Al'ubayyid, Khartum, har Sawakin a bakin teku. Mutum kan tsaya ya yi noma ko ƙwadago ya tara guzuri, ya sake ɗaukar hanya. Wasu sun share shekaru, wasu kuma ba su dawo ba, jikokinsu ne Hausawan da ke Mai Wurno da sauran garuruwan Sudan a yau. Jiragen farko da suka sauka Kano a watan Nuwamba na 1925, guda uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar, su ma ta Sudan da Chadi suka biyo, suna yada zango.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke ɗaukar awa huɗu da rabin nan kamar abin da ba ya motsi. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jiragen alhazai suka riƙa kewayawa. Kewaye kuwa ƙarin mai ne, ƙarin mai kuma ƙarin kuɗi, har kamfanonin jigila suka nemi a ƙara musu kuɗin kujera a aikin Hajjin shekarar. Tsohuwar da ta sayar da shanunta ta biya kujera, wadda ba ta taɓa shiga jirgi ba, ita ce ta yi zaman ƙarin lokacin nan ɗaure da bel, ƙafafu a kumbure. Wasu daga cikin garuruwan da jirginta ya kauce wa, irin su Khartum da Alfashir, su ne suka ciyar da kakanninta a hanyar Makka, ga shi yau mutanensu ne ke gudun hijira zuwa Chadi da Masar.