Jarin gwamnati ga masu fasaha: ta ina zai iso wa matasan Kura da Bunkure?

Da rani, idan tumatir ya nuna a Kura da Bunkure, kwanduna kan cika kasuwar Kwanar Gafan har farashi ya karye, wani ma ya ruɓe kafin motar Legas ta yi lodi. Madatsar Tiga ta daɗe tana shayar da gonakin yankin. Abin da ke ci wa manoma tuwo a ƙwarya shi ne wurin ajiya, sufuri da samun mai saye kan lokaci. Matashi mai waya zai iya gina sana'a a kan waɗannan matsaloli, amma jari ne ke hana shi motsi.

A watan Maris na 2023 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da iDICE, shirin sama da dala miliyan 600 domin matasa 'yan shekara 15 zuwa 35 masu harkar fasahar zamani da ƙirƙira. Bankin Masana'antu, BOI, ke gudanar da shi, da gudummawar Bankin Raya Afirka, Bankin Raya Ƙasashen Musulunci da hukumar raya ƙasashe ta Faransa.

Wani kaso na kuɗin ba ya shiga hannun matashi kai tsaye. Ana zuba shi a asusun masu saka jari, su kuma su zaɓi kamfanonin da za su ba. A 2025 iDICE ya saka kuɗi a asusun Ventures Platform, wanda tun da can ya zuba jari a ThriveAgric, kamfanin da ke ba manoma iri da taki, ya kuma haɗa su da kasuwa.

Irin wannan jari ba bashi ba ne: babu ruwa, babu jingina. Asusun kan karɓi kaso a kamfanin, riba tare, asara tare. Shi ya sa yake bincike sosai kafin ya saki ko kwabo.

Dokar sabbin kamfanonin fasaha ta 2022 ma ta tanadi asusun aƙalla naira biliyan 10 duk shekara, amma sai kamfanin da ke da rajista da CAC, bai wuce shekara 10 ba, kuma ya samu shaidar NITDA.

Don haka matashin da ke haɗa manoman Kadawa da dillalai ta waya, matakinsa na farko shi ne rajista da rubuta kowane ciniki. Saƙon WhatsApp da ke neman kuɗin fom ko lambar BVN da sunan iDICE kuwa, tarkon 'yan damfara ne.