Kurajen Fuska da Tabon da Suke Bari

A yawancin gidajenmu, idan yarinya ta yi kukan kurajen fuska, amsar da take samu ba ta wuce "na balaga ne, za su tafi," ko kuma "ki rage cin gyaɗa." Akwai gaskiya a magana ta farko. Lokacin balaga sinadaran jiki kan sa fata ta riƙa fitar da maiƙo fiye da da, ƙofofin gashi su toshe, wata ƙwayar cuta da ke zaune a fata ta samu wurin yaɗuwa, sai wurin ya kumbura. Kusan kashi 85 cikin 100 na masu shekara 12 zuwa 24 suna fama da su. Amma yawan masu ciwo bai rage wa kowa zafinsa ba, kuma wasu, musamman mata, kurajen kan bi su har bayan shekara 30.

Likitocin fata sun daɗe da gane cewa ƙirga kuraje ba ya nuna girman wahalar mai su. A 1994 Andrew Finlay da abokin aikinsa a Kadif, can Birtaniya, suka tsara tambayoyi 10 da ake yi wa mai cutar fata game da makon da ya wuce: ko ya ji kunya, ko fatarsa ta hana shi fita, karatu ko aiki. Wani bincike da aka buga a 1999 ya nuna cewa masu kuraje masu tsanani suna bayyana damuwar zuciya da ta zamantakewa daidai da masu asma, farfaɗiya ko ciwon sukari. Wani kuma na 2018, da ya bi bayanan majinyata a Birtaniya, ya gano cewa haɗarin kamuwa da ciwon damuwa ya fi yawa a shekarar farko bayan an tabbatar wa mutum da kurajen.

Dalilin a fili yake. Ciwon ciki ana iya ɓoye shi, fuska kuwa da ita ake gaisawa. Ɗalibi ya koma kujerar baya, budurwa ta daina shiga hoton biki, wata ta lafta hoda har ƙofofin fatar su ƙara toshewa. Wayar hannu ma ta ƙara wa abin gishiri, domin fuskokin da ake gani a Instagram da TikTok tacewa aka yi.

A ganina, inda lamarin ya fi yi mana nauyi shi ne tabo. Baƙar fata tana da saurin tara launi a duk inda ta kumbura, don haka ƙurjin da ya yi kwana 5 yana iya barin baƙin tabon da zai yi watanni, matsewa da farce kuma tana ƙara masa duhu. Yarinyar da aka ce mata "za su tafi" ta ga kurajen sun tafi, tabon ya zauna. Daga nan sai kemis, ko mai haɗa man shafawa, ko mai gyaran jikin amare. Da yawa daga mayukan da ake ba ta suna ɗauke da sitiroyid irin su clobetasol ko betamethasone. A makon farko kumburi ya kwanta, fuska ta yi haske, ta ce ta dace. Bayan wasu watanni fatar ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, sababbin kuraje su feso, waɗanda man da kansa ya haifar. Idan ta daina, fuskar ta yi ja ta ɗauki zafi, sai ta koma. Wannan shi ne bilicin, wanda Hukumar NAFDAC ta ayyana a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023, kuma ana yawan ɗora shi a kan son farar fata kaɗai. Ina da yaƙinin cewa mata da dama ta ƙofar tabon kuraje suka shiga, ba su taɓa nufin sauya launinsu ba.

Maganin gaskiya yana nan: benzoyl peroxide, adapalene, wani lokaci doxycycline, sai isotretinoin ga masu tsanani, wanda haramun ne ga mai ciki ko mai shirin ɗauka saboda yana nakasa jariri. Matsalarsu ita ce jinkiri. Sukan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin a ga canji, wasu ma fuska kan bushe ta yi ɓawo a farko. Likitocin fata kuma kaɗan ne, yawancinsu a asibitocin koyarwa na manyan birane kamar Kano da Zariya. Budurwar da bikinta ya rage wata 1, wadda babu wanda ya zauna ya bayyana mata wannan, kwalbar da ta yi mata alkawarin mako 1 za ta ɗauka.