Taya ta Biyar: Jan Tirela da A-kori-kura a Amurka

Duk wanda ya taɓa ganin an raba kan tirela da bodinta a garejin manyan motoci, lalle ya lura da wani faifan ƙarfe mai kauri, baƙi ƙirin da giris, mai tsaga a baya kamar kofato, zaune bisa tayoyin baya. Wannan faifai shi Turawa ke kira taya ta biyar. Sunan ya samo asali ne tun zamanin keken doki mai taya huɗu, wanda akan kwantar wa da wani zobe a bisa tayoyinsa na gaba domin su riƙa juyawa a kwana. A shekarar 1914 wani maƙeri a birnin Ditroyit, August Fruehauf, ya ƙera tirelar da gabanta ke hawa bayan motar Ford, daga nan dabarar ta bazu har ta game duniya.

A Amurka da Kanada dabarar ba ta tsaya ga manyan motoci ba. Ana kafa ƙaramin faifai a cikin bodin a-kori-kura, a ja tirelar da aka shirya kamar gida, da gado da madafa da makewayi, iyali su tafi yawon hutu da ita. A ƙarƙashin gaban tirelar akwai wani turken ƙarfe mai kaurin inci 2, shi ke shiga tsagar faifan, muƙamuƙan ƙarfe su cafke shi. Da yake faifan yana daidai bisa tayoyin baya ne, ko ɗan gaba da su kaɗan, irin wannan tirela ba ta cika yin lilo a kan hanya ba kamar wadda ake ɗaurawa a ƙugiyar bayan mota. Amma fa wannan natsuwa tana da farashi, kuma a nan galibin masu saye ke ruɗuwa.

Sa yana jan amalanke, jaki kuwa a bayansa yake ɗaukar mangala. A-kori-kurar da ke jan irin wannan tirela aikin dabbobin nan biyu take yi a lokaci guda. Tsakanin kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyin tirelar yana sauka ne ta kan turken, ya danne bodin motar. Masu tallan motoci kuwa abin da mota ke iya ja suka fi kwarmatawa, domin shi ne adadi mai cika baki. Abin da take iya ɗauka sai an buɗe ƙofar direba an duba wata takarda da ke manne a jikin dogaran ƙofar, kuma wannan ƙaramin adadi shi ke fara ƙarewa.

A ɗauki misali. Tirela ce mai nauyin laba 12,000, watau kimanin kilo 5,400, bayan an loda ta. Idan kashi 20 cikin ɗari ya sauka a kan turke, laba 2,400 ke nan. Shi kansa faifan da ƙarafan da ke riƙe shi za su kai laba 200. A ƙara magidanci da matarsa da 'ya'ya biyu da 'yan komatsansu, a ce laba 700. Jimla laba 3,300 ke nan a kan motar. Yawancin motocin da ake kira rabin tan, irin su Ford F-150, ba su ɗaukar wannan nauyi, ko da kuwa injinsu zai ja tirelar ba tare da nishi ba. Shi ya sa masu manyan tireloli ke komawa ga F-250 ko F-350 da takwarorinsu na Ram da Chevrolet, wasu ma masu tayoyi bibbiyu a kowane gefe na baya. Motar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta, bayanta zai zauna, tayoyin baya su yi zafi har ɗaya ta iya fashewa, birki kuma ya ƙi tsayar da ita a inda aka saba.

Wani abin da ke ƙara ruɗa mutane shi ne nauyin da kamfani ke rubutawa na tirela babu kome a ciki. Ba wanda ke tafiya da tirela wayam. Galan ɗaya na ruwa ya haura laba 8, saboda haka tankin galan 60 kaɗai ya kai laba 500, ban da tukwanen gas da abinci da tufafi. Hanya mai tabbas ita ce a hau sikelin manyan motoci da ke gidajen mai na bakin titi, a auna motar ita kaɗai, sa'an nan a auna ta da tirela a ɗaure. Abin da ya ƙaru a kan tayoyin motar shi ne nauyin turke na haƙiƙa.

Wajen ɗaurawa, kuskure ɗaya ya fi kowane tsada. Idan gaban tirela ya yi sama da yawa, turken sai ya hau bisa muƙamuƙan maimakon ya shiga tsakaninsu, direba ya ji ƙara ya ɗauka ya kama. Da ya ja, sai tirela ta zame ta faɗa kan bangon bodi. Maganinsa a sa wa tayoyin tirela weji, a sauke ƙofar bayan bodi, a daidaita tsawo yadda gindin tirela zai goga faifan ya hau shi, kada a bar rata ko kaɗan. Bayan an kulle, a leƙa da tocila a ga muƙamuƙan sun zagaye turke. Sa'an nan a ɗan ɗaga ƙafafun tsayuwar tirelar kamar inci ɗaya daga ƙasa, a matse birkinta, a ɗan ja a hankali. In ba ta kama ba, a kan ƙafafunta za ta sauka. Akan bar tazarar kimanin inci 6 tsakanin bangon bodi da ƙasan gaban tirela, domin kada su haɗu a kan gargada.

Birkin tirelar na lantarki ne, ana sarrafa ƙarfinsa daga wata na'ura kusa da sitiyari ta waya mai baki bakwai. Akwai kuma wata siririyar igiyar ƙarfe da ake ɗaurawa a jikin motar, wadda idan tirela ta ɓalle za ta fizge, batirin tirelar ya matse birki da kansa. Batirin da ya mutu ya mai da wannan igiya ado kawai.

A kan hanya kuwa, tayoyin tirela sukan yanke kwana ta ciki, don haka tilas direba ya wuce gaba kafin ya karya sitiyari. Motar da bodinta bai kai ƙafa 8 ba tana bukatar faifai mai zamewa baya, in ba haka ba kusurwar tirela ta fasa gilashin bayan direba a kwana mai tsanani. A gangara, irin ta titin I-70 da ke ratsa duwatsun Roki a jihar Kolorado, inda har an tanadi hanyoyin tsakuwa don motocin da birkinsu ya ƙone, giya ƙarama ce ke riƙe nauyi, birki sai jefi-jefi.

Dokoki sun bambanta daga jiha zuwa jiha. A Kalifoniya mai jan tirela ba ya wuce mil 55 a sa'a, kuma idan nauyin da aka ƙayyade wa tirelar ya haura laba 15,000 sai da lasin na musamman. Tsawonta zuwa sama ma abin lura ne, gama manya daga cikinsu sukan kai ƙafa 13, alhali iyakar da jihohi da yawa suka sa ita ce ƙafa 13 da inci 6, kuma akwai tsofaffin gadoji da ba su kai haka ba. Direbobin da suka goge sukan auna tirelar bayan an ɗaura ta, tun daga ƙasa har na'urar sanyaya ɗaki da ke kan rufi, su rubuta adadin a takarda su manna kusa da sitiyari.