Kwabo 30 a Cikin Naira 100: Nawa Ke Isa Ajin Malamin Gwiwa?

Duk sanarwar tallafin ilimi da ake yi a rediyo, biliyoyi ake ambata. Malamin firamare a Korayel ko Buntusu da ke ƙaramar hukumar Gwiwa ta jihar Jigawa kuwa lissafinsa daban ne: alli kwali nawa ya rage, littafi nawa zai raba wa aji, yara nawa ke zaune a ƙasa. Bari mu bi kuɗin tun daga Abuja mu ga abin da ke saura kafin su iso Gwiwa.

Tushen kuɗin

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce a ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na babban asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya a ba hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC. A tsarin rabon da hukumar ta daɗe tana bi, kashi 50 na gine-gine ne da kujeru, kashi 15 na littattafai da kayan koyarwa, kashi 14 na cike giɓin ilimi tsakanin yankuna, kashi 10 na horar da malamai. Kashi 5 tukuici ne ga jihohin da suka yi ƙwazo, kashi 2 na yara masu buƙata ta musamman, sauran kashi 4 kuma na gudanarwa da sa ido.

Ma'anar wannan ita ce, a duk naira 100 da ta shiga wancan asusu, naira 2 ce rabon UBEC. A cikinta kwabo 30 ne na littafi da kayan aiki, kwabo 20 na horar da malami. Waɗannan kwabbai ne ake raba wa jihohi 36 da Abuja.

Kason gine-gine yana da sharaɗi: sai jiha ta ajiye daidai abin da za a ba ta kafin ta taɓa shi. A 2023 rabon kowace jiha ya kai kusan naira biliyan 1.4, a 2024 kuma aka ɗaga shi zuwa kimanin biliyan 3.5. Idan Jigawa ta zuba nata, an sami biliyan 7 ke nan. Da za a raba daidai tsakanin ƙananan hukumomi 27, da Gwiwa ta tashi da kimanin miliyan 260, kuma a ciki za a gina ajujuwa, a gyara rufi, a haƙa rijiya, a sayi benci.

Ƙarin da canji ya cinye

A ido, daga biliyan 1.4 zuwa 3.5 ninki biyu da rabi ne. Amma a farkon 2023 dala ɗaya tana kan naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 kuwa ta kai 1,500 har ta wuce. Biliyan 1.4 a tsohon canji dala miliyan 3 ce, biliyan 3.5 a sabon canji ba ta fi dala miliyan 2.3 ba. Takardar ɗab'i, kwamfutar hannu, faifan sola da batir duk farashinsu dala yake bi. Don haka kuɗin sun ƙaru a baki, amma ƙarfinsu a kasuwa ya ragu.

Abin da ke shigowa daga waje

A 2015 asusun ilimi na duniya, GPE, ya ba da kyautar dala miliyan 100 a shirin NIPEP ga Jigawa, Kaduna, Kano, Katsina da Sakkwato. A 2017 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 611 a shirin BESDA na jihohi 17, har da Jigawa, kuma sai jiha ta nuna sakamako ake biyan ta. Shirin AGILE na karatun 'yan mata a sakandare ya fara da dala miliyan 500 a 2020, aka ƙara masa miliyan 700 a 2023, lokacin da Jigawa ta shiga. A lura: kuɗin Bankin Duniya bashi ne mai sauƙin ruwa, kuma yaran da ke aji yau suna cikin waɗanda za su biya.

NIPEP ne mafi ƙanƙanta a cikinsu, amma akwai darasi a tsarinsa. A lokacin da ake gudanar da shirin, wani kaso na kuɗin kai tsaye yake faɗawa asusun makaranta, kwamitin SBMC na iyaye da malamai da masu unguwa su zauna su tsara abin da za a saya. A irin wannan zama, malamar aji ɗaya tana iya cewa allonta ya koɗe har yaran baya ba sa ganin rubutu, a sayo fenti a makon nan. Kayan da aka yi kwangilarsu daga nesa kuwa sukan iso ba tare da an tambaye ta ba. Sai ka ga kwamfutar hannu a aljihun teburin hedimasta, babu wuta a makarantar, cajinta sai an kai wurin mai cajin waya a bakin kasuwa, kuma daga aljihun malami.

Alƙaluman da suka fi muhimmanci

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Ajin da ke da yara 70 da littafin Hausa 14, yara biyar ne ke haɗa kai a kan shafi guda, biyu daga ciki suna kallonsa a kife. Wannan lissafin shi ne ma'aunin kowane tallafi, domin ruwan da ya dake ka shi ne ruwa.

Abu uku ya kamata a yi. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta Jigawa, SUBEB, da ofishin sakataren ilimi na Gwiwa su riƙa liƙa wa kowace makaranta takardar abin da aka turo mata, kuɗi ko kaya, da ranar da ya iso. A ware wani ɓangare na kason kayan koyarwa wanda malamai da kansu za su faɗi abin da za a saya da shi. Kuma kada a raba na'ura sai da sola da mai gyara. Kazaure na kusa, ga kwalejin Hussaini Adamu da ke yaye masu wannan sana'a.

Iyayen yara a Gwiwa, Roni, Kazaure da Babura, idan an kira taron kwamitin makaranta ku halarta, ku tambayi nawa aka turo, me aka saya, littafi nawa ne a hannun yaranku. Haƙƙinku ne ku sani.