Wuya, Ido da Fuskar Kwamfuta: Ilmin da Ke Cikin Mariƙin Tebur

Gabatarwa

Garin Illela yana arewacin Jihar Sakkwato, a bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, 'yan kilomitoci kaɗan daga Birnin Ƙonni. Duk wanda ya ratsa kasuwar garin ranar Lahadi zai iya ganin mutane biyu da ya kamata ɗalibin kimiyya ya tsaya ya lura da su. Ta farko yarinya ce mai talla, ta naɗa gammo ta ɗora faranti cike da kaya, tana tafe a miƙe kamar an tsayar da sanda. Na biyu saurayi ne a rumfar cire kuɗi da tura su, ba ya ɗauke da komai a kansa, sai dai ya sunkuya bisa waya tun hantsi. Idan magariba ta yi, ba abin mamaki ba ne a tarar saurayin ne ke murza ƙeya yana kukan ciwon wuya. Wannan ba yana nufin ɗaukar kaya masu nauyi a ka ba shi da tasa illa ba ne. Abin da ake so a gane shi ne, shi kansa kan ɗan Adam kaya ne, kuma yadda aka ɗauke shi shi ke nuna irin wahalar da wuya zai sha.

Wannan batu ya shafi 'yan makaranta kai tsaye. Hukumar JAMB ta fara shirya jarrabawar shiga jami'a ta kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta mayar da ita duka ta kwamfuta. Hukumar WAEC ta bi sahu a 2024 ga ɗalibai masu zana jarrabawa don ƙashin kansu. Saboda haka ɗalibin da ke Illela ko Gwadabawa ko Gada yakan share sa'o'i yana bitar tambayoyi a waya, ko a kwamfutar hannu mai kama da allo wadda ake kira tabulet. Akwai wani ƙarfe mai gaɓoɓi da ake maƙalawa a gefen tebur domin ya riƙe irin waɗannan na'urori, a ɗaga shi ko a sauke shi yadda ake so. Shi ne za a kira mariƙin tebur a wannan maƙala. Kafin a fahimci amfaninsa, dole a fara duba yadda aka gina wuya da ido.

Ginin wuya

A wuyan ɗan Adam akwai ƙasusuwa bakwai, an jera su ɗaya bisa ɗaya. Kusan dukkan dabbobi masu shayarwa bakwai ɗin nan gare su, har da raƙumin dawa duk da tsawon wuyansa. Bambancin kawai shi ne girman kowane ƙashi. Ƙashi na farko shi ke tallafe da ƙoƙon kai, a kansa ne ake gyaɗa kai. Na biyu yana da wani ɗan tsini da na farko ke juyawa a jikinsa, da shi ake waiwaye hagu da dama. Daga na biyun zuwa ƙasa, tsakanin kowane ƙashi da mai bi masa akwai wani faifai na guringuntsi mai taushi a tsakiya, wanda ke aiki kamar gammo. Ta bayan ƙasusuwan kuma akwai tsokoki da suka taso daga kafaɗu da gadon baya suka kama ƙeya.

Nauyin kan baligi ya kai kimanin kilo 5. Idan mutum ya zauna a miƙe, kunnensa na saitin kafaɗarsa, mafi yawan nauyin nan yana sauka ne bisa jerin ƙasusuwan, tsokokin ƙeya kuwa ɗan aiki kaɗan suke yi. Amma da zarar kai ya karkata gaba, sai lissafin ya canja, ya koma irin na sikelin 'yan kasuwa mai hannu ɗaya dogo ɗaya gajere. Ƙa'idar ita ce, ƙarfin da kaya ke da shi na rinjayar sikeli daidai yake da nauyinsa sau nisansa daga inda sikelin ke juyawa.

Ga misali domin aji. A ɗauka kai mai kilo 5 ya sunkuya har tsakiyar nauyinsa ta wuce gindin wuya da santimita 10. Biyar sau goma, hamsin ke nan. A ɗauka kuma tsokokin ƙeya suna ja ne daga nisan santimita 4 kacal ta baya. Domin kada kai ya faɗi bisa ƙirji, sai sun ja da ƙarfin da ya yi daidai da 50 a raba da 4, wato kilo 12 da rabi. Wannan ja kuwa a kan ƙasusuwa da faifan guringuntsi yake ƙarewa, ƙari a kan nauyin kan na asali.

A 2014 wani likitan ƙashin baya a birnin New York na Amurka, Kenneth Hansraj, ya yi irin wannan lissafi da kwamfuta. Ya ƙiyasta cewa nauyin da ke kan wuya yakan kai kimanin kilo 12 idan an sunkuya digiri 15, kilo 18 a digiri 30, kilo 22 a digiri 45, sannan kilo 27 a digiri 60. Kilo 27 ya fi nauyin jarkar ruwa mai lita 25. Wanda ya ɗora tabulet a cinya yana karatu yana iya kaiwa ga manyan alƙaluman nan ba tare da ya sani ba.

Wuya lafiyayye yana iya jure sunkuyo na ɗan lokaci, don haka aka yi shi. Matsalar ita ce daɗewa a hali guda. Tsokar da ta ɗaure ta tsaya cak takan matse ƙananan hanyoyin jinin da ke cikinta, sai iskar da take buƙata ta ragu, gajiya ta shiga, daga nan tsami da ciwo su biyo baya, wani lokaci har da ciwon kai mai tasowa daga ƙeya. Ba yau aka fara lura da wannan ba. Wani likita ɗan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'o'i a 1700, a bugun 1713 kuma ya ƙara babi a kan marubuta da magatakarda, inda ya danganta ciwonsu da yawan zama da maimaita motsi iri ɗaya.

Abin da ido ke buƙata

Mai karatu zai iya cewa, to ai sai a ɗaga fuskar kwamfuta sama ƙwarai, wuya ya huta. Ido bai yarda da haka ba. Gaban ƙwayar ido yana lulluɓe da wani siririn ruwan hawaye, wanda kowace ƙiftawa ke sabuntawa. A 1993 wasu likitocin ido biyu na ƙasar Jafan, Tsubota da Nakamori, sun auna ma'aikatan ofis suka tarar cewa mutum yakan ƙifta ido kimanin sau 22 a minti idan yana hutawa, sau 10 idan yana karanta littafi, sau 7 kawai idan yana duban kwamfuta. Sun kuma lura cewa mai duban ƙasa fatar idonsa takan sauko ta rufe wani sashe na ƙwayar, mai duban gaba ko sama kuwa idonsa a buɗe yake wangam, don haka ruwan ya fi saurin bushewa.

A wuri irin Illela wannan ba ƙaramin abu ba ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan zo a bushe, ɗauke da ƙura, har leɓe da tafin ƙafa su tsage. Idon da ba ya ƙiftawa sosai, kuma yana buɗe wangam a irin wannan iska, zai yi ja, ya yi ƙaiƙayi kamar an watsa yashi.

Akwai kuma batun nisa. A cikin ido akwai wani madubi mai taushi wanda wata 'yar tsoka ke ƙara masa kauri idan za a dubi abu na kusa. Iyakar kusancin abu, iyakar aikin tsokar. Haka nan idanun biyu sai sun karkato ciki domin su haɗu a kan abin da ake dubawa. Wayar da aka riƙe santimita 25 daga fuska tana sa waɗannan tsokoki aiki fiye da fuskar da ke nisan santimita 60.

Ke nan wuya yana son fuskar kwamfuta ta hau sama, ido yana son ta ɗan sauka. Inda suka daidaita shi ne, saman fuskar ya kasance a saitin ido ko ƙasa kaɗan, tsakiyarta ta sauka kimanin digiri 15 zuwa 20, nisanta kuma ya kai santimita 50 zuwa 70, wato kimanin tsawon hannu idan an miƙe shi. Tabulet, da yake rubutunsa ƙanana ne, akan ɗan matso da shi.

Yadda mariƙin ke aiki

Tun da tsawon mutane ya bambanta, kujeru da tebura ma haka, babu tsayi guda da zai dace da kowa. Shi ya sa ake yin mariƙi mai gaɓoɓi. Galibi yana da sassa uku: gindi mai matse gefen tebur da kusa mai murɗawa, hannu mai gaɓa biyu ko uku kamar kafaɗa da gwiwar hannu, sai kai mai riƙe na'urar wanda ke juyawa ya kuma karkata.

Dabarar hannu mai tsayawa duk inda aka bar shi ta daɗe. Wani injiniyan motoci a Ingila, George Carwardine, ya yi rajistar ta a 1932, da ita aka ƙera fitilar tebur mai suna Anglepoise, inda sifirin ke jan hannun sama daidai da yadda nauyin fitilar ke jan sa ƙasa. Aikin da tsokokin ƙeya ke yi wa kai ke nan. Wasu mariƙan na yanzu suna amfani da bututun iskar gas da aka matse a madadin sifirin, wasu kuma kusoshi ake ɗaurewa a kowace gaɓa. A 1997 ƙungiyar masu ƙera kayan kwamfuta mai suna VESA ta fitar da ma'auni guda: ramukan kusa huɗu a bayan fuskar kwamfuta, tazarar milimita 75 ko 100 a tsakaninsu. Tabulet ba shi da waɗannan ramuka, haka ma da yawa daga cikin siraran fuskokin da ake sawa a jaka, don haka su maƙata ce ke kama su ta gefe.

Mai saye ya kamata ya lura da abubuwa huɗu. Na farko, kowane hannu yana da iyakar nauyin da aka rubuta masa, ta sama da ta ƙasa. Hannun gas da aka yi domin fuska mai kilo 2 ko fiye zai riƙa tashi sama da kansa idan aka ɗora masa tabulet mai rabin kilo. Na biyu, ƙa'idar sikeli tana aiki a nan ma. Fuska mai kilo 1 a nisan santimita 40 tana murɗa gindin da ya kama santimita 5 na tebur da ƙarfin kusan kilo 8, don haka teburin falanki mara kauri yana iya tsagewa idan ba a sa guntun katako a ƙarƙashi ba. Na uku, idan an ɗaga tabulet sama kuma ana da rubutu mai yawa, sai a nemi madannin rubutu daban a ajiye a tebur, in ba haka ba an sauke wa wuya kaya an ɗora wa kafaɗa. Na huɗu, zafi. Kamfanin Apple ya ce a yi amfani da iPad a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, alhali zafin Afrilu a ƙasar Sakkwato yakan haura digiri 40. Mariƙin da ya bar bayan na'ura a buɗe iska na ratsawa ya fi katifa ko matashi, waɗanda ke riƙe zafi.

Idan babu kuɗin saye

Abin da ake nema shi ne tsayi da nisa da karkata, ba ƙarfen kanti ba. Malaman ƙasar Hausa sun daɗe da sanin 'yar kujerar katako mai ninkewa da ake buɗe littafi a kai domin ya tashi daga ƙasa ya fuskanci mai karatu. Kowane kafinta a Illela zai iya sassaƙa makamanciyarta daga ragowar katako, ya yi mata tsagi uku ko huɗu a baya domin a sauya karkatarta. Mai walda zai iya haɗa sandar ƙarfe da kusa mai murɗawa wadda za a ɗaga ko a sauke. Ko tarin littattafai da aka jingina tabulet a kansu ya fi cinya nesa ba kusa ba. Sai dai a ajiye tebur yadda taga za ta kasance a gefe, domin hasken da ke zuwa ta baya yakan ɗauki ido a jikin gilashi, ya sa mutum ya koma sunkuyo.

Malamai za su iya mayar da wannan darasin aji. Ɗalibi ɗaya ya zauna yana karatu yadda ya saba, wani ya rataya zare mai ɗan dutse daga saitin kunnensa, na uku ya auna tazarar zaren daga tsakiyar kafaɗa da rula. Sai a ɗaga littafin ko na'urar a sake aunawa, a kwatanta alƙaluman biyu.

Kammalawa

Mariƙi, komai kyansa, ba ya hana illar daɗewa a zaune. Likitocin ido sukan ba da shawarar cewa bayan kowane minti 20 a dubi wani abu mai nisan mita 6 na tsawon daƙiƙa 20, domin tsokar madubin ido ta saki. Bayan kowane rabin sa'a kuma yana da kyau a miƙe tsaye, a juya kafaɗu, a ɗan taka. Wanda ciwon wuyansa ya ƙi tafiya bayan makonni, ko yake jin hannunsa na mutuwa ko yana rasa ƙarfi, ko ganinsa ke rarrabuwa biyu, asibiti ya kamata ya nufa, ba shagon kayan kwamfuta ba. Ga sauran ɗalibai kuwa, ƙa'idar gajera ce: a kawo karatu wurin ido, kada a kai ido wurin karatu. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma irin zaman da yaro ya saba da shi a aji uku, shi zai bi shi har ofis.