Zaɓen Faifan Birkin Keke

Gabatarwa

Kekunan da aka saba da su a ƙasar Hausa, irin su Raleigh, birkinsu bakin ƙafa yake kamawa, shi ya sa yake sanyi idan ruwa ko laka ta taɓa shi. Kekunan zamani kuwa da yawa suna da wani faifan ƙarfe ɗaure a cibiyar ƙafa, wanda takalman birki biyu suke matsewa. Tun 2018 hukumar tseren keke ta duniya ta halatta shi a tseren kan titi. Wannan maƙala za ta yi tsokaci kan abubuwa huɗu da ake dubawa wajen zaɓensa.

Faɗi

Faifan da aka fi samu su ne masu faɗin milimita 140, da 160, da 180, da 203. Gwargwadon faɗin faifai, gwargwadon ƙarfin kamunsa, domin takalman suna riƙe shi nesa da cibiya. Daɗin daɗawa, babba ya fi jure zafi, wanda shi ne ke kashe birki a doguwar gangara. Mai yawo cikin gari 160 ya ishe shi. Mai ɗaukar kaya ko bin duwatsu kuwa sai 180 ko fiye. Amma kowane keke yana da iyakar da maƙeransa suka yanke, kuma ƙara faɗi na bukatar wani ƙarfe da zai ɗaga mazaunin birkin.

Ɗauri

Iri biyu ne: mai kusoshi shida, da Center Lock na kamfanin Shimano, wanda zobe guda ke ɗaurewa. Cibiyar ƙafar ita ke nuna wanda ya dace.

Takalmi

Akwai takalmi mai taushi, akwai na ƙarfe. Wasu faifai masu araha an rubuta a jikinsu cewa mai taushi kaɗai suke ɗauka. Na ƙarfe kan cinye su da wuri. Da ma araha ba ta ado.

Kauri

Alal misali, sabon faifan Shimano kaurinsa milimita 1.8 ne; da ya koma 1.5 sai canji, domin siririn faifai na iya lanƙwashewa ana tsakiyar gudu.

Kammalawa

Faifai komai tsadarsa, idan mai ya zuba masa, ya daina kamu har sai an wanke shi, an kuma sake takalman. Ashe zaɓe rabin aiki ne, kulawa ita ce sauran.