Kuskuren Ma'auni Ya Ci Kumbon Dala Miliyan 125: Illar Aikin Da Aka Raba Ba A Fahimci Juna Ba

Ran 23 ga watan Satumba na shekarar 1999, cikin tsakar dare, injiniyoyin hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, watau NASA, suka zauna jugum a cibiyarsu da ke garin Pasadena na Jihar Kalifoniya, kowa ya zuba wa allonsa ido. Kumbon da ake kira Mars Climate Orbiter, wanda aka harba tun ran 11 ga Disamba 1998, ya shiga bayan duniyar Mars, ana sa ran zai sake ɓullowa ya aiko da saƙo bayan kamar minti 20. Lokacin ya cika, ya wuce, gari ya waye, shiru. Har yau ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Kwamitin binciken da aka kafa a ƙarƙashin Arthur Stephenson ya ba da rahotonsa cikin watan Nuwamba na shekarar, kuma abin da ya gano ya ba mutane mamaki. Injin kumbon lafiyarsa ƙalau. Kamfanin Lockheed Martin, wanda aka ba kwangilar ƙera kumbon, yana birnin Denver na Jihar Kolorado, su kuwa masu yi wa kumbon jagora suna Pasadena. Wata manhaja da kamfanin ya rubuta tana lissafa ƙarfin turin injin da ma'aunin fam irin na Ingilishi, alhali manhajar masu jagora tana karɓar alkaluman a matsayin ma'aunin niwton na tsarin mita. Fam ɗaya kuwa daidai yake da niwton 4.45. Wata tara ana tafiya a haka, ƙaramin kuskure yana hawa kan ƙaramin kuskure, har kumbon da aka shirya zai wuce kilomita 226 daga doron Mars ya gangaro zuwa kimanin kilomita 57, inda ba zai iya jure iskar wurin ba.

Dattawan da suka ga zamanin da ƙasar nan ta bar yadi ta koma mita, ta bar galan ta koma lita, sun san irin wannan rikici. Haka duk wanda ya taɓa aiken a auno masa hatsi a kasuwar wani gari ya san mudu suna ya tara. Abin lura a nan shi ne, takardar yarjejeniyar aikin ta faɗa ƙarara cewa da tsarin mita za a yi lissafi. An rubuta, amma ba a samu wanda ya bi sawu ya tabbatar ɓangarorin biyu sun yi aiki da abin da aka rubuta ba. Wasu daga cikin masu jagora ma sun lura alkaluman ba sa daidaita, suka yi ta maganar ta wasiƙun kwamfuta, amma ba a shigar da ƙorafin ta hanyar da aka tsara ba, saboda haka ya shiririce.

To, idan haka ta faru tsakanin garuruwa biyu na ƙasa ɗaya, masu harshe ɗaya, ina ga aikin da aka raba tsakanin nahiya da nahiya?

Tantance buƙatu

Manhaja ita ce jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta don ta gudanar da wani aiki, kamar biyan albashi, ko ajiyar kuɗi a banki, ko rajistar ɗalibai. Kafin a rubuta ko layi ɗaya, dole a zauna da masu aikin a gano abin da suke so, a rubuta shi dalla-dalla, a warware saɓanin da ke tsakanin buƙatar wannan sashe da ta wancan, a koma a karanta musu su tabbatar, sa'an nan a riƙa lura da duk canjin da ya taso har a gama. Wannan shi ne masana ke kira aikin tantance buƙatu, kuma fanni ne mai zaman kansa wanda ke da ƙa'idojinsa. Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fito da ƙa'idar rubuta takardar buƙatu tun 1984, aka maye gurbinta da wata ta ƙasa da ƙasa a 2011.

Frederick Brooks, wanda ya shugabanci wani babban aikin kamfanin IBM a shekarun 1960, ya yi bayani a wata maƙala ta 1986 cewa a duk aikin manhaja babu abin da ya kai yanke shawarar ainihin abin da za a gina wuya, kuma babu kuskuren da ya kai na wannan mataki wuyar gyara daga baya. Wani masanin, Barry Boehm, ya nuna a 1981 cewa a manyan ayyuka kuskuren da aka bari sai bayan an miƙa aiki yana iya cin kuɗin gyara har ninki 100 na abin da zai ci da tun farko aka gano shi. Ice dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yadda aiki ya ƙetare teku

Ba da kwangilar manhaja zuwa wata ƙasa ya samo ƙarfinsa ne daga Indiya. An kafa kamfanin Tata Consultancy Services a 1968. A 1981 injiniyoyi bakwai, cikinsu har da Narayana Murthy, suka kafa Infosys a garin Pune. A 1985 kamfanin Texas Instruments na Amurka ya buɗe reshe a Bangalor, yana aika aikin da aka gama zuwa gida ta tauraron ɗan Adam. Babban abin da ya jawo kamfanonin Turai da Amurka shi ne arahar ladan ma'aikata da kuma yawan ƙwararru masu jin Ingilishi.

Kasuwar ta buɗe sosai gab da shekarar 2000. Tsofaffin manhajoji da yawa suna rubuta shekara da lamba biyu kawai, aka ji tsoron za su ɗauki 2000 a matsayin 1900. Kamfanonin Indiya suka samu kwangilar gyara mai ɗimbin yawa, suka kuma yi ta cikin nasara. Amma akwai dalilin da ya sa wannan aikin ya yi sauƙin aikawa: buƙatar a fili take. A nemo duk inda aka rubuta kwanan wata, a gyara. Da aka ji daɗin wannan sai aka shiga aika sababbin ayyuka, waɗanda su kansu masu su ba su gama sanin yadda suke son su ba. Nan ne aka fara gane cewa nisa yana da nasa harajin.

A 2003 masana biyu, James Herbsleb da Audris Mockus, suka wallafa sakamakon binciken da suka yi a wani babban kamfanin sadarwa mai rassa a ƙasashe daban-daban. Sun gano cewa aikin da aka raba tsakanin wurare yana ɗaukar kimanin ninki biyu da rabi na lokacin da irinsa ke ɗauka idan a wuri guda aka yi shi.

Abin da ba a faɗa

Dalili na farko shi ne agogo. Bangalor tana gaban Kalifoniya da sa'a 12 da rabi, ko 13 da rabi a lokacin hunturu. Tambayar da ma'aikaci zai leƙa ofishin maƙwabcinsa ya samu amsarta cikin minti biyu, a nan sai ta kwana a hanya. In amsar ta zo da wata tambayar, an sake yin asarar yini guda. Da yawa daga masu rubuta manhaja, maimakon su zauna jira, sai su yi zato su ci gaba. Zaton nan kuwa shi ne mafarin ɓarna.

Dalili na biyu ya fi wannan zurfi. Kowace ma'aikata tana da ilimin da ba ya cikin littafi, wanda tsohon akawu ya sani amma bai taɓa tunanin abin faɗa ne ba. Mutumin Amurka in ya rubuta 3/4 yana nufin 4 ga Maris, mutumin Ingila da na Nijeriya kuwa 3 ga Afrilu suke nufi. Mutumin Indiya yana rubuta dubu ɗari kamar haka, 1,00,000. A Saudiyya Juma'a da Asabar ne ranakun hutu. Manhajar da aka rubuta a inda lantarki da intanet ba sa yankewa sai ta tsaya cik a ofishin da suke zuwa suna ɗaukewa, domin ba wanda ya rubuta cewa dole ta iya aiki ko babu layi. Haka kuma in ba a ce a tanadi ƙ da ɗ da ɓ ba, sai a wayi gari sunan Ɗanladi ya rikiɗe a takardar albashinsa. Mai aiki bai faɗa ba don yana ganin kowa ya sani, ɗan kwangila bai tambaya ba don bai san akwai abin tambaya ba.

Dalili na uku kunya ce da ladabi. Bahaushe in ya ce "to", wani lokaci ya yarda ne, wani lokaci kuwa ya ji ne kawai. Haka abin yake a al'ummomi da yawa, inda ƙaramin ma'aikaci ba ya iya buɗe baki ya gaya wa mai biyan kuɗi cewa bai gane ba, ko cewa wa'adin ba zai yiwu ba. Sai a tashi taron waya kowa yana murna an daidaita, alhali kowane ɓangare da abin da ya tafi da shi a ransa.

Sa'an nan ga ita kanta kwangilar. Ɗan kwangila abin da aka rubuta shi zai gina, duk abin da ya biyo baya kuwa canji ne mai kuɗinsa daban. Wannan ya sa takardar buƙatu, wadda aka yi don ta haɗa kan mutane, takan koma makamin shari'a.

Darasin Ostireliya

Jihar Queensland ta ƙasar Ostireliya ta ɗanɗana wannan. A ƙarshen 2007 gwamnatin jihar ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin IBM, wadda ta ƙunshi sabunta tsarin biyan albashin ma'aikatan lafiya su kimanin 78,000, a kan kuɗi dalar Ostireliya miliyan 6 da 'yan kai. Dokokin albashin suna da sarƙaƙiya ƙwarai, ga alawus iri-iri, ga aikin dare, ga ƙarin lokaci, kuma ba a tantance su sosai ba kafin a soma. Aka yi ta canza buƙatu ana ɗage wa'adi. Da aka kunna tsarin cikin watan Maris na 2010, dubban ma'aikatan jinya da sauran ma'aikatan asibiti suka ga albashinsu bai cika ba, wasu aka biya su fiye da kima, wasu kuwa ko sisi. An ƙiyasta gyara da gudanar da tsarin zai ci dala biliyan 1.2 cikin shekara takwas.

Hukumar bincike a ƙarƙashin tsohon alƙali Richard Chesterman ta ba da rahoto a 2013, ta soki yadda aka ba da kwangilar, ta kuma ɗora wa jami'an gwamnatin alhakin rashin fayyace abin da suke so. Jihar ta kai IBM ƙara, amma a 2016 kotu ta yi watsi da ƙarar, saboda wata yarjejeniyar sulhu da jihar ta sa wa hannu tun 2010. Masu biyan haraji suka ɗauki asarar, ma'aikatan jinya kuwa su suka sha wahalar.

Rigakafi

Kamfanonin da suka daɗe a wannan sana'a sun koyi wasu dabaru. Suna ba kowace buƙata lambarta, su haɗa ta da gwajin da zai nuna ko an cika ta, yadda ba wadda za ta ɓace a hanya. Suna rubuta ma'anar muhimman kalmomi da ma'aunai a wuri guda. Suna zana samfurin yadda aikin zai kasance su nuna wa waɗanda za su yi amfani da shi, domin gani ya kori ji. Suna ajiye wakilinsu a ofishin mai aiki, wanda zai zauna da akawu da ma'aji ya ga yadda suke yi da idonsa, su kuma keɓe sa'o'in da ɓangarorin biyu za su kasance a bakin aiki tare. Tun bayan da masana 17 suka taru a Snowbird ta Jihar Utah a watan Fabrairu na 2001 suka fito da sanarwar tsarin da ake kira Agile, ya zama al'ada a riƙa miƙa aiki kaɗan-kaɗan, sau da yawa duk mako biyu, don a kama kuskure tun yana ƙarami.

Maganar ta shafi Nijeriya ta fuska biyu. Tun daga kafa kamfanin Andela a Legas a 2014, matasan ƙasar nan da dama suka shiga rubuta wa kamfanonin Turai da Amurka manhaja daga gida. Irin waɗannan matasa, iya rubutu kaɗai ba zai riƙe musu aiki ba, sai sun haɗa da ƙarfin halin tsayar da mai aiki su ce ya sake bayani. Matambayi ba ya ɓata. A ɗaya ɓangaren kuma ma'aikatu da bankuna da jami'o'i suna sayen manhaja daga 'yan kwangila na gida da na waje. Ana iya ba da kwangilar rubuta manhaja ga kowa a ko'ina, amma sanin abin da ake so yana wuyan mai aiki, ba ya aikuwa. Shugaban da ya sa hannu a takarda ya koma ofis yana jiran ranar buɗewa, bai ware ma'aikatansa masu sanin aikin su zauna da ɗan kwangila ba, ya shirya biyan kuɗi sau biyu.

Kumbon da ya ɓace a 1999 ƙwararru ne na gaske suka ƙera shi, ƙwararru kuma suka yi masa jagora. Abin da aka rasa cikin wata tara shi ne mutum guda da zai ɗauko takardar Denver ya ajiye ta kusa da ta Pasadena, ya tambaya: da wane mudu kuka auna?